Ƙarshen Hunturu a Lambun Ingila: Tambayoyin da 'Yan Uwa Suka Fi Yi Mini

Na daɗe ina noma wani ɗan fili a Birmingham, irin wanda hukumar birni ke ba mutane haya su yi lambu, Turawa na ce masa alotmen. Da Fabrairu ta kama, tambaya ba ta ƙarewa: a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a wurin suna, a waya cikin dare. Wani ya kama gida mai ɗan fili a baya bai san me zai yi da shi ba, wata an kawo mata irin alayyahu tana ɗokin ta watsa. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Lissafin lokacin da zan bayar na tsakiyar Ingila ne. Wanda ke London ko gaɓar kudu yana iya riga mu da mako ɗaya zuwa biyu, wanda ke Scotland kuma ya ƙara mako biyu ko uku a kan abin da na faɗa.

Malam, wai yaushe hunturun nan yake ƙarewa a fara shuka?

A kalanda, masu hasashen yanayi suna rufe hunturu da ƙarshen Fabrairu, wasu kuma sai wajen 20 ga Maris, ranar da dare da rana suke daidaita. Ƙasa ba ruwanta da kalanda. A gida manomi sama yake kallo, ruwa yake jira. In an yi ruwan shuka kowa ya ɗauki sungumi. Nan ruwa har ya yi yawa. Abin da ake jira ɗumi ne da haske.

Yawancin irin kayan lambu masu jure sanyi ba sa tsirowa da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai digiri 7 ya kuma zauna a haka na kwanaki. Hasken rana kuwa, a Birmingham bai kai awa 8 ba a ƙarshen Disamba, sai tsakiyar Fabrairu yake kaiwa awa 10, daga nan tsiro ke fara motsi. Lokacin da ke biyo baya mun saba ce masa bazara don ba mu da wani suna, amma kada sunan ya ruɗe ka. Ba bazarar Kano ba ce mai sa mutum kwana a waje. Bazara ce ta rigar sanyi da hula.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce ciyawa. In ka ga ƙananan ciyayi sun fara tsattsagowa da kansu a fangalinka, ƙasa ta farka.

Amma ga shi an yi kwana huɗu rana na haskawa, har na cire kwat. Ba zan fara ba?

A'a. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Ranar 26 ga Fabrairu 2019 an auna zafin digiri 21.2 a lambun Kew da ke London, mutane suka fito da gajeren wando. Shekara guda kafin nan, a daidai wannan makon na 2018, iska ce ta taso daga gabas ta binne ƙasar da dusar ƙanƙara har cikin Maris. Wata ɗaya ne, fuska biyu.

Abin da ke kashe tsiro a nan shi ne raɓar da ke daskarewa cikin dare, musamman daren da sama ta yi tas babu gajimare, wato daidai daren da ya biyo bayan rana mai daɗi. A yankinmu tana iya sauka har tsakiyar Mayu. Shekarata ta farko na dasa tumatir goma sha biyu a ƙarshen Afrilu, kowanne da sandarsa, na tsaya ina ɗaukar hoto ina aika wa gida. Wani dattijo ɗan Jamaika da filinsa ke jikin nawa ya leƙo ta kan shinge, ya dubi tumatir, ya dube ni, ya girgiza kai bai ce komai ba. Bayan kwana tara na zo da safe na tarar da ganyen ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Na taɓa ɗaya ya narke a yatsana. Sai a ranar dattijon ya buɗe baki, ya ce shi ba ya fitar da nasa sai Yuni ta kama.

Ƙasata ta zama taɓo, tana manne wa takalmi. In yi kaftu yanzu ko in bari?

Ɗebi ƙasar cikin hannu ka dunƙule. In ta zama curi mai sheƙi kamar yumɓun ginin tukunya, ka jefar ta faɗi ba ta fashe ba, to fita daga fangalin, ko takawa kada ka yi. Laka in aka tattake ta tana jiƙe sai ta matse, iska ta fita, in rani ya zo ta bushe kamar bulo. In dole ne ka shiga, shimfiɗa katako ka taka a kai. Kudu da gabashin Birmingham jar laka ce mai riƙe ruwa. Arewa da yamma akwai wurare masu rairayi, su suna tsanewa da wuri, suna kuma saurin ɗumi, amma suna saurin jin yunwa.

Ni yanzu na ma daina kaftu gaba ɗaya. Akwai wani manomin lambu a Somerset, Charles Dowding, da ya yi suna wajen koyar da noma ba tare da juya ƙasa ba: a zuba ruɓaɓɓen taki a sama kaurin kamar santimita 5, a bar tana ta ja shi ƙasa. Da farko na ɗauka ragwanci ne aka yi wa ado, don mu an raine mu a kan cewa gonar da ba ta sha garma ba ba gona ba ce. Da na gwada a fangali biyu sai na ga ciyawa ta ragu, saboda juya ƙasa shi ke fito da irin ciyawar da ke binne ya ga haske. Bayana ma ya gode mini.

In sabon wuri ne da ciyawa ta cinye, shimfiɗa kwali mara leda, ka ɗora gefen wani a kan wani, ka zuba taki a sama. Sai dai akwai ciyayi biyu da ba sa jin wannan magana: wata mai fararen jijiyoyi da ke gudu a ƙarƙashin ƙasa kamar kiri-kirin gida, da wata mai nannaɗe tsiro tana fure fari. Su sai ka bi jijiyar da hannu ka zaƙulo, don guntun da ka bari ko kamar ɗan yatsa ne zai dawo.

Wata dabara mai sauƙi: rufe fangalin da za ka fara shukawa da leda mako biyu zuwa uku. Ƙasa za ta tsane ta ɗan yi ɗumi.

Wane taki ya kamata in sa? An ce akwai masu ba da kashin doki kyauta.

Akwai, kuma yana da kyau, amma da sharaɗi biyu. Na farko ya ruɓe, ya yi aƙalla wata shida a tare, gara ma shekara, har ya koma baƙi yana warin ƙasa, ba warin barga ba. Ɗanye yana ƙona saiwa, kamar dai yadda ɗanyen kashin kaji ke yi a gida.

Na biyun shi ne wanda ya taɓa cin ni. Akwai wani maganin ciyawa da ake fesawa a makiyaya, sunan sinadarinsa aminopyralid. Doki ya ci ciyawar, maganin ya bi ta cikinsa ya fito da ƙarfinsa, ya zauna a cikin taki. Na taɓa karɓo baro goma daga wata barga, na baza, na yi ta murna. Da dankali da wake suka fito sai ganyen samansu ya riƙa nannaɗewa yana murɗewa kamar cokali, tsiron ya tsaya cak. Masu bargar ma ba su sani ba, ciyawar saye suka yi. Tun daga nan ba na zuba takin da ban gwada ba. Gwajin ba wuya: cika tukunya biyu da takin haɗe da ƙasar buhu, biyu kuma da ƙasar buhu zalla, ka shuka wake a duka, ka ajiye a taga. Bayan mako uku zuwa huɗu ka kwatanta ganyen. Fabrairu ce lokacin wannan gwaji, tun kana da sarari.

Kada ka zuba sabon taki inda za ka shuka karas, saiwar rabewa take yi. Kuma kada ka haɗa taki da farar ƙasar rage tsami a lokaci guda, suna cinye amfanin juna; bar tazarar 'yan watanni.

Yaya, na ga wani taki a kanti an rubuta jini da kifi da ƙashi. Ya halatta mu yi amfani da shi?

Hukuncin na malamai ne, ni manomi ne. Abin da zan iya faɗa miki, ƙanwata, shi ne daga mayanka ake samo jinin da ƙashin, kuma akasari ba a rubuta na wace dabba ba ce a jikin kwalin. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ba ki rasa komai ba. Akwai busasshen kashin kaji da aka dunƙula ƙanana, akwai takin ciyawar teku, akwai kuma takin zamani mai suna Growmore, wanda lissafinsa 7-7-7 ne, wato ƙanin NPK 15-15-15 da muka sani, bai kai shi ƙarfi ba. Ko wanne kika zaɓa, kada ki watsa shi yanzu. Ruwan Fabrairu wanke shi zai yi. Sai saura mako ɗaya ko biyu ki yi shuka.

In tara busassun karare in cinna wuta kamar sharar gona?

Duba takardar hayarka tukuna. Filaye da yawa sun hana wuta ko sun ƙayyade mata lokaci, a gida kuma hayaƙi na iya jawo maƙwabci ya kai ƙara hukuma. Abin da ba shi da cuta ka daddatsa ka zuba a jujin taki. Kafin ka taɓa tsohon tarin ganye ko itace, ɗaga shi a hankali da hannu, don bushiya tana barcin hunturu a irin wurin har zuwa Maris ko Afrilu, kuma ita abokiyar aikinka ce.

Tokar itace zalla tana da amfani, a yayyafa kaɗan. Tokar kwal da ta katako mai fenti kuwa a kai bola.

Ni dai attaruhu nake so. Yaushe zan shuka?

Yanzu. Jiya ma. Duk haƙurin da nake ta wa'azinsa, attaruhu ya fita daga ciki, don shi mai dogon zango ne: daga shuka zuwa jan 'ya'ya yana cin wata shida ko fiye, ranin Ingila kuma gajere ne. Wanda ya shuka a Afrilu sanyin Oktoba zai tarar da shi da kore.

Amma a cikin ɗaki, ba a waje ba. Irin yana son ɗumin digiri 25 zuwa 28 kafin ya tsaga, kuma yana iya ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, har ka fara zargin irin ya mutu. Ga yadda nake yi. Robar da ake sayo inabi a ciki, mai murfi da huji a ƙasa, ita nake cikawa da ƙasar renon iri. In jiƙa ta, in jera ƙwayoyi tazarar ɗan yatsa, in barbaɗa ƙasa sama-sama yadda za ta ɗan rufe su, in sa murfi, in ɗora kusa da hita ko a ɗakin tukunyar ruwan zafi. Ba a kan hitar kai tsaye ba, dafa su za ta yi. Kullum da safe in buɗe in duba. Ranar da na ga ɗan farin wuya ya lanƙwaso daga ƙasa kamar ƙugiya, ranar robar ke komawa bakin taga mafi haske. In aka yi jinkirin kwana biyu a duhu, an yi asara.

Akwai ƙaramin akwatin reno mai lantarki da ake sayarwa, ba shi da tsada, kuma yana raba mutum da rigimar uwargida a kan wa ya cika mata hita da ƙasa. Yalo, gauta da tattasai ma yanzu ake fara su, hanya ɗaya.

Irin attaruhun da ka cire daga wanda ka sayo a shagon 'yan Afirka yana tsirowa, muddin jajir ne ya nuna sosai kuma bai shiga firiza ba. Sa safar hannu wajen cirewa. Na taɓa mantawa na yi alwala.

Tsirona ya yi tsawo siriri yana faɗuwa. Me na yi ba daidai ba?

Ɗumi ya yi masa yawa, haske ya yi kaɗan, shi ne yake miƙa wuya yana neman rana. Wannan ciwon masu saurin shuka ne, ya fi kama tumatir. In kana da ɗakin gilashi ko rumfar leda, shuka tumatir daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. In a fili za ka dasa, bari sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Wanda aka shuka a makare cikin haske yana kamo wanda ya riga shi da wata guda, har ya wuce shi.

Wanda ya riga ya zanƙale, ka kai shi taga mai kallon kudu, ka rage masa zafi, ka naɗe kwali da takardar alminiyam ka tsayar a bayansa ta riƙa mayar masa da haske, kana juya tukunyar kullum. Tumatir yana da sauƙin kai: in za ka sake masa tukunya, binne karan har kusa da ganyen farko, zai fitar da sabuwar saiwa a jikinsa.

In kuwa tsiron yana ruɓewa ne daga gindi yana kifewa, ruwa ne ya yi yawa. Mu da muka taso inda rana ke shanye ban ruwan safe kafin azahar, hannunmu yana da nauyi a buta. Nan tukunya tana iya kwana biyar a jiƙe. Ɗaga ta ka ji nauyinta kafin ka ƙara. Da dare kuma kada ka ja labule ka bar tsiro tsakaninsa da gilashi, wurin firiji ne.

To alayyahu, yakuwa, kuɓewa da zogale fa? Suna yi a nan?

Alayyahu yana yi sosai. 'Yan Jamaika da 'yan Bangladesh sun daɗe suna noma danginsa a filayen Birmingham, har irinsu ya saba da garin. In maƙwabcinka ya ba ka nasa, karɓa hannu biyu. Amma ba a watsa shi a fili sai ƙarshen Mayu ko Yuni. Masara da kabewa a fara su a tukunya cikin Afrilu.

Yakuwa za ka sami ganye na miya in tana cikin rumfa. Zoɓo kuwa kada ka sa rai: ba ta fure sai rana ta fara gajarta, nan kuma kafin hakan ta faru sanyi ya iso. Kuɓewa ba ta yarda da fili ba, sai ɗakin gilashi, a shuka a Afrilu bayan an jiƙa irin ya kwana, kuma abin da za ka tsinka na marmari ne, ba na shanya ba. Zogale a tukunya yake zama, ya sha rana a waje da rani, ya dawo ɗaki kafin sanyi. In ya zubar da ganye yanzu ya zama sanda, kada ka jefar, rage masa ruwa ka jira.

Game da saƙon iri daga gida: shigo da tsiro da iri Birtaniya yana da doka, da yawansu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, ana kuma ƙwacewa a filin jirgi. Ka duba ƙa'idar kafin ka ɗora wa matafiyi nauyi. Akwai masu sayar da irin waɗannan ganyayyaki a cikin ƙasar.

Na ga mutane suna jera dankali a kiret ɗin ƙwai. Mene ne hikimar?

Tsiro suke sa shi ya fara tun kafin ya shiga ƙasa. A sayi dankalin iri, a tsayar da kowanne gefen da ya fi idanu yana kallon sama, a ajiye a wuri mai haske da sanyi amma wanda ba ya daskarewa, kamar mako shida. Abin da ake so tsiro gajere mai kauri, kore ko shunayya, santimita 2 zuwa 3. In ya fito fari dogo kamar taliya, duhu ya yi masa yawa. Mai saurin nuna ana binne shi daga ƙarshen Maris, zurfin kamar santimita 12, tazarar santimita 30, a haƙa bayan mako 10 zuwa 12. Mai daɗewa sai tsakiya zuwa ƙarshen Afrilu. In ganye ya fito aka yi hasashen daskarewa, ja ƙasa ka rufe shi.

Na kanti da ya tsira a kicin zai iya yi, amma ban ba ka shawara ba. Na iri an tantance shi daga cuta, kuma cutar dankali in ta shiga filin haya ba a fangalinka kaɗai take tsayawa ba.

Akwai abin da zan iya sawa a ƙasa yanzu-yanzu?

Akwai kaɗan. Tafarnuwa, in ba ka sa da kaka ba, yi maza, don tana buƙatar wata ɗaya zuwa biyu na sanyi kafin kanta ya rabu sala-sala. Waken ful, wanda alhazai suka sani da karin kumallo a Makka, yana jure sanyi. In ƙasarka laka ce ko akwai ɓera, fara shi a tukunya. Ƙananan kawunan albasa na dashe daga tsakiyar Maris, a tura su ƙasa a bar tsinin a waje, a rufe da raga don tsuntsaye na tsige su.

Ragar tana da wani aikin. Akwai wani ƙaramin ƙuda da tsutsarsa ke cin albasa da danginta daga ciki, a yankinmu aka fara ganinsa a Birtaniya, wajen Wolverhampton, a 2002. Yana yawo a Maris da Afrilu, ya dawo a Oktoba da Nuwamba. Raga mai ƙananan ido ita ce kariya.

Wani ya taɓa tambayata ko irin albasar Aliero zai yi. Albasa da tsawon rana take lissafin lokacin yin kai. Ta gida ta saba yin kai a ranar awa 12 ko kusa da haka. Nan ana wuce awa 12 tun Maris, sai ta yi kai tana jaririya, ka tashi da albasa kamar goro.

Na gaji bishiyar tuffa a gidan da na kama. In yi mata aski?

In tuffa ce ko fiyar Turai, e, kafin ta farka, wato zuwa farkon Maris. Fara da matattun rassa, da masu ciwo, da masu gogar juna, sannan ka buɗe tsakiyarta iska ta riƙa ratsawa. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin biyar a shekara guda. Bishiyar da aka yi wa ƙwal-kwabo ramuwa take yi da ɗaruruwan tsirrai miƙaƙƙu marasa 'ya'ya. In an daɗe ba a kula da ita ba, raba aikin shekara uku.

Amma ka tabbatar da abin da kake yanka. In ceri ce ko fulom, masu ƙwallo ɗaya a ciki, ajiye almakashi sai rani. Yanka su cikin sanyi yana buɗe ƙofa ga wata cuta da ke mayar da ganye kalar azurfa ta kashe reshe. Inabi ma lokacinsa ya wuce, in ka yanka yanzu ruwa zai yi ta zuba. Wardi kuwa ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ne nasa, a yanka sama da idon da ke kallon waje. In kana son dasa sabuwar bishiya, waɗanda ake sayarwa da saiwa tsirara sun fi araha, kuma Maris ne ƙarshen kasuwarsu.

Shingen gidana ya yi tsawo.

Gama da shi kafin Maris. Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye ke sheƙa, kuma dokar 1981 ta kare namun daji ta sa lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan laifi ne.

Wani abu na cinye mini tsiro cikin dare, sai in ga farin yauƙi.

Dodon koɗi ne, da ɗan uwansa mara ƙoƙo. Su ne farin dangon ƙasar nan. Yanzu ne lokacin rage su: ɗaga tukwane, katakai da duwatsu, za ka ga ƙwansu fari ƙanana a dunƙule, ka baza wa tsuntsaye. Ajiye katako ɗaya da gangan a kan ƙasa, kowace safiya ka juya ka kwashe waɗanda suka kwana a ƙarƙashi. Tsohon maganinsu mai sinadarin metaldehyde an haramta shi tun Afrilu 2022, in ka tarar da gwangwaninsa a rumfar da ka gada kada ka watsa. Wanda aka yarda da shi mai sinadarin ƙarfe ne. Amma abin da ya fi yi mini aiki shi ne kada in dasa tsiro yana ƙarami. Wanda ya yi ƙwari yana jure cizo.

Irin bara da ya rage, in zubar?

Gwada shi. Ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tishu, a cikin leda, a wuri mai ɗumi. In bakwai sun tsaga, lafiya lau. In uku ne, sayi sabo. Tumatir da kabeji suna shekaru, albasa kuwa da wuya ta wuce biyu.

Baba, ga azumi ya faɗo daidai wannan lokaci. Ya kake haɗa su?

A shekarun nan haka yake zuwa, cikin Fabrairu da Maris, kuma ni ban ga wahala ba, ɗana. Rana gajera ce, ba ƙishirwa. Aikin ƙarfi, ɗaukar taki da gyaran rumfa, nakan yi ƙoƙari in gama cikin Sha'aban. Na cikin azumi mai sauƙi ne: wanke tukwane da gilashi don haske ya shiga, wasa almakashi, rubuta abin da zai shiga kowane fangali don kada dankali ko kabeji su koma inda suka zauna bara. Ka kuma kafa duro a ƙarƙashin indararo tun ruwa na zuba a banza. Wanda ya ga ranin 2022, da zafi ya haura digiri 40 aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama, ba ya raina duro.

Ba ni da fili ko kaɗan. Ta ina zan fara?

Sa sunanka a layin alotmen yau, don a wasu unguwanni jiran na shekaru ne. Birmingham tana da sa'a, wuraren sun haura 100, kuma na Uplands da ke Handsworth kaɗai yana da filaye sama da 400. Cikakken fili kusan murabba'in mita 250 ne. In an ba ka zaɓi, karɓi rabi. Na ga mutane da yawa sun karɓi cikakke da zumuɗi a Maris, zuwa Yuli ciyawa ta kai musu ƙugu, takardar gargaɗi ta biyo baya. Je ka wurin da kanka ranar Asabar da safe ka gaisa da masu kula da shi, sau da yawa sun fi kwamfuta sanin filin da ya kusa fita.

Kafin layi ya zo kanka, bokiti mai huji a ƙasa yana ɗaukar dankali biyu, taga mai rana tana ɗaukar attaruhu uku. Na'a-na'a kuma ko ka samu fili, a tukunya za ka bar ta. Ni na saka tawa a ƙasa shekara shida da suka wuce, har yau ina tono ta daga cikin albasa.